Muryar Matata Tana Yawo a Bakin Baƙi

'Yata mai kula da wannan fili,

Ki taimake ni don Allah. Ni ba mutumin kai kuka ba ne, ban kuma taɓa zaton zan tsufa ina faɗa wa jarida abin da na kasa faɗa wa 'ya'yan cikina ba, amma abin ya kai inda ya kai. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini shi da yatsa. Maƙwabcina mai kemis ne yake rubuta wannan, shi ne kuma yake karanta mini filinki idan ciniki ya lafa. Na ce masa ya zuba yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, don na san halinsa, ko gaisuwa ka ba shi ya kai sai ya ƙara mata gishiri.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. Shagona ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, kemis a dama, mai sayar da zare a hagu. Benci ɗaya, fitila ɗaya, sai gwangwanayen madara da nake zuba ƙananan ƙarafa a ciki. Tun ina da baƙin gashi nake wurin. Da kunne nake aiki. Tela ya kawo keke, in ce ya taka, kafin ya ɗage ƙafa na ji ko allura ce ko ƙoshiyar zare. Kuma ba keke kaɗai ba, Allah ya ba ni kai mai riƙo. A layinmu ba wanda aka haifa, ko ya mutu, ko ya tashi, da ban riƙe shi ba. Idan yaro ya girma yana son sanin yadda kakansa yake, wurina ake turo shi, in gaya masa yadda tsohon yake tari, yadda yake jan ƙafar hagu, da abin da yake cewa idan ransa ya ɓaci. Fuskar da na gani sau ɗaya ta shiga ke nan, ba ta fita. Na faɗa miki wannan ne don ki gane irin mutumin da abin ya sama.

Uwar 'ya'yana ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare. Mace ce mai ƙarancin magana, sai ta wuni tana aikinta ba ka ji bakinta ba, in ban da ɗan waƙe-waƙen da take yi ƙasa-ƙasa idan tana guga. Amma idan ta so tsokana, ta iya.

'Yan watanni kafin ta kwanta ciwo, wata ranar hutu na kwance fankar ɗakinta. Lafiyar fankar ƙalau, ni ne dai na ji tana wani ɗan ƙara da ba wanda ya ji sai ni. Na baje kayan cikinta a tsakar ɗaki, na rasa yadda zan mayar. Ta shigo da kofin shayi a hannu, ta tsaya a kaina ta ce, "Sannu Injiniya. An gyara, ko an ƙarasa?" Sai ta yi dariya, ta rufe baki da bayan hannu. Autarmu, wadda take aure a ɗaya gefen gari, ta zo wuni ranar. Ashe tana ɗauka da waya. Ta ɗora a wannan dandalin da ake zuba gajerun bidiyo, don 'yan uwanta su gani su yi dariya. Ni ban ma san an yi ba.

Bayan an yi makoki an watse, na koma shago. Wata safiya ina zura zare a allura, na ba wa titi baya, sai na ji ta a bayana, kusa, kamar ta sa baki a kunnena: "Sannu Injiniya." 'Yata, na amsa. Wallahi na ce na'am. Allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Da na juya sai na ga wani mai babur ne ya tsaya sayen magani, waya a hannunsa, yana ƙyalƙyala dariya. Na ce ya nuna mini. A cikin wayar wani ƙaton saurayi ne mai gemu, ya buɗe gaban mota, yana motsa baki, muryar matata tana fita daga cikin gemun.

Mai kemis ne ya zaunar da ni ya ba ni ruwa, ya yi mini bayani. Wai mutane sukan ciri muryar wani su ɗora a kan nasu hoton, kuma tata ta bazu, duk wanda aka ɓata wa aiki ko ya ɓata da kansa, ita yake sawa. Ranar ban iya aiki ba. Washegari na sa babban ɗana, mai aikin famfo, ya kawo mini tsohuwar wayarsa irin mai shafawa. Ya ce, "Baba, kai da ko lambar mutum ba ka yarda a ajiye maka ba, me za ka yi da ita?" Na ce ba ruwansa.

A nan na yi wautar da mai kemis yake ta roƙona kada in sa ya rubuta, amma sai ya rubuta. Ni na ɗauka duk masu sa muryar nan sun san ta ne. Na ɗauka sun ji labarin rasuwar, wannan ce hanyarsu ta 'yan zamani ta tuna mamaci. To mutumin da ya tuna da mamacinka ai ba ka wuce shi a hanya ba ka gane shi ba, rashin mutunci ne. Sai na riƙa tsayawa a kan kowane ɗaya, in dube shi da kyau, in riƙe fuskarsa yadda na saba. Har addu'a nake yi musu, ina danna wurin magana ina yi musu godiya. Akwai wata mai gyaran gashi da ta ƙona wa wata kai. Akwai wani mai tumbi da tukunya ta kama masa. Akwai 'yan mata uku da kayan makaranta, ta tsakiya mai wushirya. Akwai wani baƙo can wata ƙasa, wanda na rantse ko kalma ɗaya ba ya ji a cikin abin da bakinsa yake faɗa. Na riƙe su kaf, ɗaruruwa, har yau idan na gan su a kasuwa zan nuna miki. Sai daga baya na gane ba wanda ya san ta a cikinsu, ba su ma san ta mutu ba. Dariya kawai suke yi.

Da na gane, ya kamata in ajiye. Ban ajiye ba. Wayar nan ta fi kare gane mai ita. Ina buɗewa take kawo mini ita, in shafa ta sake kawowa, da wata fuskar, da wani ɗakin. Wasu sun sa mata kiɗa, wasu sun hanzarta muryar ta koma kamar ta yarinya. Sai in ce wannan ne na ƙarshe, in ɗaga kai in ga inuwar bene ta tsallaka titi, keken mutane yana gabana a buɗe ban taɓa ba. Rubutun da ke ƙasa ban iya karantawa ba, sai in miƙa wa mai kemis. Yakan karanta masu daɗin, ya tsallake wasu. Ya ɗauka ban sani ba, alhali ina jin inda numfashinsa yake tsayawa. Da na matsa masa ya karanta mini ɗaya: wai da ganin tsohuwar nan mafaɗaciya ce, Allah ya jiƙan mijinta da ransa. Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Yanzu ma da yake rubuta wannan ya sunkuyar da kai.

Duk wannan da sauƙi. Ga abin da ya sa na zo gare ki.

Kwanakin baya wani ya yi siddabarun da ban san kansa ba, ya sa muryarta tana faɗin abin da ba ta taɓa faɗa ba. Tallar wani man shafawa ne na ciwon gwiwa, tana cewa ita ma shi take shafawa. Muryarta ce sak, har da yadda take jan numfashi kafin ta yi magana. Na saurara, na tsine wa wanda ya yi, na sake saurara. Bayan kwana biyu mai zare yana kukan gwiwa, sai na ji bakina yana ce masa ya nemi man nan, marigayiya ma shi take shafawa. Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Ba ta taɓa ciwon gwiwa ba. Ni da ake zuwa tambaya don ba na ƙari ba na ragi, ni ne na yi wa matata ƙarya, kuma lokacin da nake faɗa ina ganinta a raina tana zaune bakin gado tana shafawa.

Daga ranar na fara gwada kaina. In rufe ido in kira fuskarta. Sai mai gemun nan ya zo. In kore shi, mai wushirya ta zo, bayanta mai tumbi, suna layi kamar masu jiran likita, kowa da muryarta a bakinsa. Ita tana can baya, ina jin tana nan, amma ba ta samun hanya. Ina iya kawo miki fuskar mai gadin benen nan da ya mutu tun 'ya'yana suna rarrafe, da tabon da ke gefen hancinsa, amma matar da na kwana da ita na tashi da ita fiye da rabin rayuwata, sai na buɗe waya nake ganinta. Kuma maganganunta duk sun gudu. Akwai abin da ta ce mini a asibiti kwana ɗaya kafin ta cika, 'ya'yan sun fita, daga ni sai ita. Na riƙe shi, ban faɗa wa kowa ba, nawa ne ni kaɗai. Yanzu idan na miƙa hannu in ɗauko shi, abin da nake tararwa shi ne "an gyara, ko an ƙarasa." Na san ta kama hannuna, na san labulen kore ne, na san ta yi magana. Me ta ce?

Fita ma ta zama mini aiki. Duk wanda ya zaro waya kusa da ni sai gabana ya faɗi. Rannan a motar haya wata budurwa a kujerar gaba ta kunna, ban san lokacin da na ce mata wannan matata ce ba. Na zaci za ta kashe ta ba ni haƙuri. Sai ta juyo ta ƙura mini ido, ta ce, "Laa, Baba, kai ne Injiniya?" Motar ta ɗauka gaba ɗaya, har direba yana leƙena ta madubi yana tambaya ko fankar ta tashi. Yarinyar ta matso wai mu yi hoto, tana cewa in gaida Kaka, in ce mata suna jiran sabo. Ba mugunta take yi ba, na gani a idonta. Bakina ya kasa cewa ta rasu. Na sauka tun ba a kai ba, na ƙarasa da ƙafa.

Abinci sai a kawo a ɗauke yadda yake. Barci ɗan kaɗan, shi ma da su a ciki. A wurin aiki, ƙaramin noti sai ya kuɓuce mini sau uku. Wani tela da tun zamanin ubansa nake yi musu gyara ya zo ya tattara kekensa a buhu, gunduwa-gunduwa yadda na bar shi, ya gaishe ni da ladabi ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini.

Babban ɗana ya ce wayar nan za ta kai ni inda ba a dawowa, ya kai hannu zai ɗauka. Na ce idan ya taɓa ta kada ya sake taka mini ƙofa. Sai Auta ta zo, ta durƙusa, ta ce za ta goge na asalin, za ta kuma nemi masu dandalin su cire muryar. Raina a ɓace yake, na ce mata ita ce ta kai uwarta kasuwa ta baje wa 'yan kallo. Na kuma rantse idan ta goge ban yafe ba. Na faɗa, kuma ban janye ba, don ai gaskiya ce, wa ya aike ta? Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Mijinta ya biyo ta shago ya ce ba ta cin abinci, wayarta kullum cikin ƙara, baƙi suna tambayarta ina Kaka. Na ce masa kowa da nasa.

Amma ki duba mini. Idan an goge, me ya rage? Marigayiya ba ta son hoto. Wanda muke da shi na katin shaida ne, ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi, ba ita ba ce. Wannan ɗan bidiyon ne kaɗai inda take motsi, take dariya. Kaina da na dogara da shi ya ci amanata, yanzu kuma su ce in saki abin da ya saura. Idan na riƙe, baƙin nan suna ƙara cika mini kai. Idan na saki, ina tsoron in rufe ido in ga ba kowa.

Kada ki ce mini in yi haƙuri, na san haƙuri tun kafin a haife ki. Kada ki ce in jefa waya a rijiya, ɗana ya riga ki. Ki gaya mini gaskiya: haukacewa nake yi? Kuma fuskar da ta ɓace wa mutum tana dawowa?

Naki,
Mai gyaran keke, ƙarƙashin bene


AMSA

Baba,

Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Na karanta wasiƙarka, na ajiye, na ɗan zagaya, sannan na dawo na sake karantawa. Ba zan ce ka yi haƙuri ba, tunda ka hana.

Ba haukacewa kake yi ba. Mutum ne kai da aka yi wa babban rashi, sannan aka hana shi makoki cikin natsuwa. Kowa idan ya binne nasa yakan samu shiru, a cikin shirun nan ne zuciya take jera abin da za ta riƙe. Kai ba ka samu ba. Ka koma shago da ɗanyen ciwo, aka riƙa fama maka shi a titi da cikin mota, daga baya kuma a cikin aljihunka.

Ka ce wayar ta gane ka, kuma haka ne, sai dai ba sanin mutunci ba ne. An gina waɗannan dandali ne su lura da inda ido ya daɗe, su ƙaro irinsa, don mutum ya zauna. Ba ta bambance mai dariya da mai kuka. Kai kuwa da ka riƙa tsayawa a kan kowace fuska don girmamawa, ba wanda ya kai ka gaya mata ta ƙaro. Ba Mama ce take kiranka ba idan ka buɗe, inji ne yake juyawa, kuma kai ka fi ni sanin inji ba ya tsayawa sai an ɗage ƙafa.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, zan amsa iyakar sanina. Masu makoki da yawa sukan firgita cewa fuskar mamacinsu ta ɓace musu, har waɗanda ba su taɓa riƙe waya ba. Yawanci ba gogewa ta yi ba, rufe ta aka yi, da gajiya, da rashin barci, da tsoron kansa. Abin da ka ji sau dubu dole ya danne abin da ka ji sau ɗaya. Ka lura da wasiƙarka: mutumin da ya ce ya manta matarsa ya gaya mini waƙar da take yi ƙasa-ƙasa wurin guga, da yadda ta kama hannunsa a asibiti. Wannan ba a cikin bidiyo ka samo ba. Maganar asibiti kuwa, ba zan yi maka alkawarin za ta dawo kalma da kalma ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne irin wannan ba ya zuwa idan ana farautarsa, kuma ba zai samu wurin sauka ba muddin gidan cike yake da baƙi.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ina so 'ya'yanka su ji: ba a ƙwace wa mai makoki abin da ya riƙe. Babban ɗanka tsoro ne ya sa shi kai hannu, amma ba haka ake yi wa uba ba. Sai dai ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Bidiyon Mama daban, dandalin daban. Na asalin yana nan a wurin Auta, ba kiɗa, ba gemun kowa. A sauke maka shi a ɗan katin ajiya, a sa a abin da ba ya shiga intanet, a yi kwafi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin babban ɗanka. Ka gani da idonka cewa yana nan kafin a taɓa komai. Daga nan a cire dandalin daga wayarka, da hannunka, ba da na wani ba. Ka gwada wata ɗaya. Kwanakin farko hannunka zai riƙa lalube, ranka zai ɓaci ba dalili, wannan ba alamar kuskure ba ce, yana wucewa. Bidiyon ma ka sa masa lokaci, kamar ziyara: ka zauna, ka gani, ka yi mata addu'a, ka rufe.

Ka bar Auta ta goge nata, ta kuma kai ƙara a kan tallar man nan, don sa wa mamaci magana a baki ana neman kuɗi da ita zalunci ne, kuma akwai hanyar kai koke a kansa. Ba zan ruɗe ka ba, ba duka za su ɓace ba, za ka iya sake jin ta a mota. Amma 'yan dandali ba su da riƙo irin naka, gobe wani abin zai ɗauke musu hankali. Idan ya sake faruwa, ka tanadi magana ɗaya: "Matata ce, ta rasu, ku yi mata addu'a." Yawancin mutane za su ji kunya su kashe. Ku kuma masu karatu, kafin ku ɗora muryar wani a kan wasanku, ku tuna tana da mai ita, wataƙila yana zaune a kujerar bayanku.

Rashin ci, rashin barci da faɗuwar gaba ba abin da za a bari ba ne a shekarunka. Ka je asibiti a cikin makon nan, ka gaya wa likita duka, har da maganar wayar, kada ka tsaya a kan jiki kaɗai. Idan akwai mai sauraron masu damuwa a wurin, ka yarda ka zauna da shi. Malam mai kemis, na gode da rubutu, na gode da tsallaken da kake yi don tausayi, amma kada ka ba shi maganin barci daga shagonka. Ka raka shi, shi ne taimakon. Baba, ka kuma ɗauki keke ɗaya, ɗaya tak, ka gama shi, don hannu yana jan hankali zuwa gida.

Saura maganar da ba za ka so ba. Ka ce wa Auta ta kai uwarta kasuwa, sannan ka rantse kada ta kwashe kayan. Ka ɗaure ta ta gaba, ka ɗaure ta ta baya. Yarinyar nan ta ga uwarta tana dariya ne ta so 'yan uwanta su gani, ba ta san abin zai fi ƙarfinta ba, kuma ba don ita ba, da wannan dariyar ma babu ita a ko'ina. Kai muryar kake ji, ita kuwa kullum ana tambayarta ina Kaka, kuma ba ta da uwar da za ta kai wa kuka, ba ta da uban da zai saurare ta. Rantsuwar da aka yi cikin fushi tana da mafita, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Kalmar da ka jefe ta da ita kuwa ba mai cire ta sai kai.

Ka je da ƙafarka, kada ka aika, kada ka kira. Ka bar wayar a shago. Kai da kake ba 'ya'yan mutane labarin kakanninsu, ka zauna ka ba 'yarka labarin uwarta tun kafin a haife ta, ta ba ka nata, don akwai abin da ta riƙe wanda kai ba ka sani ba. Kuma idan ta buɗe ƙofa, kafin ka ce komai, ka dube ta da kyau yadda ka dubi baƙin nan. Ban san wanda ta ɗebo a cikinku ba, amma da wuya 'ya ta tashi a hannun mace ba ta ɗauko wani abu nata ba, ko a ido, ko a tsayuwa, ko a yadda take yin shiru.

Allah ya ba ka lafiya da barci mai daɗi, Baba, ya sanyaya zuciyar Auta, ya haɗa kanku, ya kai haske kabarin Mama.

'Yarka,
Mai kula da fili